Tarihin Jacques Monod: Daga Bakteriya Zuwa Giwa

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san wannan abu. Yaro zai tafi dogon hutu yana ɗan aji 2, muryarsa siririya, ya komo bayan wata 2 ko 3 muryar ta buɗe, wandonsa ya ɗage, har gashin baki ya soma tsirowa. Iyayenmu su kan ce yaro ya fara balaga, shi ke nan. Malaman kimiyya kuwa su kan ce aikin homon ne, watau wani sinadari ɗan kaɗan da wata gaɓa ta jiki ke zubawa cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina. To, a nan akwai tambaya. Homon ɗin nan guda ne, jinin da ya ɗauko shi ma guda ne. Yaya aka yi a maƙogwaro ya kaurara murya, a haɓa ya tsirar da gemu, a kan waɗansu maza kuwa (iyayenmu masu sanƙo su yi haƙuri) ya kakkaɓe gashin?

Kafin a kai ga amsa sai mun san abu uku. An gina jikin mutum da waɗansu ƙananan ɗakuna ne da ba a ganinsu sai da madubin likita, sunansu sel. A cikin kusan kowane sel akwai wani dogon zare mai suna DNA, rabinsa gadon uwa, rabi gadon uba. Kowace gaɓa ta zaren nan da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ita a ke kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da irinsu kimanin 20,000. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki, su ke narka abinci, su ɗauki iska cikin jini, su gina tsoka. Zaren da ke cikin sel na maƙogwaro da wanda ke cikin sel na hanta iri ɗaya ne. Bambancinsu kawai shi ne waɗanne ƙwayoyin gado aka buɗe a ke karantawa, waɗanne aka rufe. Mutumin da ya fara nuna wa duniya yadda a ke buɗewar da rufewar wani Bafaranshe ne, Jacques Monod, a bakin mutanen ƙasarsu Jak Mono. Bai yi aikinsa a kan mutum ba. Ya yi shi ne a kan wata bakteriya da ke zaune cikin hanjin kowa, mai suna E. coli.

An haife shi a birnin Faris ran 9 ga watan Fabrairu, 1910. Ubansa, Lucien Monod, mai zanen hotuna ne, kuma mutum ne mai yawan karatu. Uwarsa Ba'amurkiya ce daga garin Milwaukee, saboda haka yaron ya tashi da Faransanci da Ingilishi duka biyu a bakinsa. A 1917 suka ƙaura zuwa Cannes, wani gari a bakin Bahar Rum, can ya yi makaranta. Yana ƙarami shan inna ta taɓa shi ta bar masa ɗan ɗingishi, amma wannan bai hana shi zama gwanin hawan duwatsu da tuƙa jirgin ruwa ba. A 1928 ya koma Faris ya shiga Jami'ar Sorbonne, ya sami digirinsa na fari a 1931. Daga baya ya sha kukan cewa abin da aka koya musu a jami'ar tsohon yayi ne. Ilminsa na gaskiya ya samo shi ne a wata tashar binciken halittun teku da ke Roscoff, inda ya gamu da masana matasa irin su André Lwoff da Boris Ephrussi.

Gaskiya dai, a shekarun nan ba wanda zai dubi Monod ya ce ga wanda zai shahara a kimiyya. Hankalinsa a rabe ya ke. Yana kaɗa wani babban goge na Turawa da a ke kira celo, yana kuma da ƙungiyar mawaƙa da ya ke shugabanta. A 1934 ya bi wani jirgin ruwan bincike na Kwamanda Charcot zuwa ƙasar ƙanƙara ta Girinlan. A 1936 yana shirin sake bin jirgin, sai Ephrussi ya lallashe shi suka tafi Kalifoniya ta Amurka, wurin Thomas Hunt Morgan, babban malamin ilmin gado. A watan Satumba na shekarar jirgin nan ya nutse a gaɓar Aisilan, mutum ɗaya tak ya tsira. A Kalifoniya ɗin ma kiɗa ya fi cinye masa lokaci, har aka yi masa tayin aikin shugabancin makaɗa. Da ƙyar ya zaɓi kimiyya. Ya komo gida, a 1938 ya auri Odette Bruhl, masaniyar kayan tarihi, a 1939 suka haifi tagwaye maza, Olivier da Philippe.

Aikin da ya ɗauka don digirin dakta ba mai ɗaukar ido ba ne. Zai zuba bakteriya cikin kwalba, ya ba ta sukari, ya riƙa auna yadda ta ke yawaita. In abinci ya wadata, E. coli ta kan rabu biyu kusan kowane minti 20, saboda haka a yini guda mutum zai ga abin da zai ɗauki makiyayi shekaru. A ƙarshen 1940 ya lura da wani abu. In ya haɗa mata waɗansu sukari iri biyu, sai ta yi ta girma, ta tsaya cik na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake tashi. Misalin da aka fi sani shi ne gulukos da laktos, watau sukarin da ke cikin madara. Bakteriya ta kan cinye gulukos ƙaf tukuna. A lokacin tsayawar nan ne ta ke ƙera enzayim, watau furotin mai narka laktos, wanda da ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Da laktos ya samu, yawan enzayim ɗin ya kan ninka kusan sau 1,000. Monod ya kai wa Lwoff labari, Lwoff ya gaya masa cewa waɗansu sun taɓa ganin irin wannan, amma ba wanda ya san dalili. Ƙaramar halitta marar ƙwaƙwalwa, ina ta san akwai madara a kusa? Tambayar da ya bi ke nan shekara 20.

Amma a lokacin Faransa tana hannun sojan Hitila. Ko da ya ke an ɗauke masa aikin soja saboda ƙafarsa, ya shiga da kansa a 1940. Da ƙasar ta faɗi, sai ya shiga ƙungiyoyin ɓoye masu yaƙar Jamusawa. Haɗarin kuwa ninki biyu ne gare shi, domin matarsa Bayahudiya ce, jikar babban malamin Yahudawan Faransa. Dole ita da yaran suka koma wani ƙaramin gari a wajen Faris da takardun jabu. Ya kare digirinsa a 1941. A 1943 ya shiga jam'iyyar Kwaminis, domin a ƙungiyar mayaƙan da ya ke ciki sai ɗan jam'iyya ke da ta cewa. Da rana malami ne mai auna bakteriya, da dare hafsa ne mai sunan aro. A kan ba da labarin cewa a cikin ƙasusuwan ƙafar wani raƙumin dawa da aka kafa don koyarwa a bakin ɗakin bincikensa ya ke ɓoye takardun asiri. Da 'yan sandan ciki na Jamus suka soma kama abokan aikinsa, sai ya daina zuwa Sorbonne, Lwoff ya ba shi wurin fakewa a Cibiyar Pasteur. Ya kai matsayin babban hafsa mai tsara hare-hare a rundunar cikin gida, yana kuma cikin waɗanda suka shirya tashin mutanen Faris a watan Agusta, 1944, sa'ad da aka ƙwato birnin.

Bayan yaƙi ya bar jam'iyyar shiru. A 1948 kuwa ya fito fili. A shekarar ne gwamnatin Stalin ta ɗaure wa wani mutum mai suna Lysenko gindi, wanda ya ce ilmin ƙwayoyin gado ƙaryar 'yan jari-hujja ce. Aka kori masana daga aiki a Rasha, alhali tun 1943 babban masaninsu, Vavilov, ya mutu a kurkuku. Monod ya rubuta a jaridar Combat cewa maganar Lysenko ba ta da tushe ko kaɗan. Ya rasa abokai da yawa, amma a lokacin ne ya ƙulla abota da marubucin nan Albert Camus. Ku riƙe wannan, domin nan gaba za mu ga mutumin da ya tsaya a kan a bar hujja ta yi magana shi ma ya toshe kunnensa ga hujjar wani.

Tun 1945 ya zama ma'aikacin Cibiyar Pasteur sosai, a waɗansu ƙuntatattun ɗakuna can saman bene, ƙarƙashin rufi. Masana da yawa a lokacin suna zaton laktos ne ke shiga ya sassaƙa enzayim da kansa, kamar yadda maƙeri ke zuba narkakken ƙarfe cikin zubi. Monod da wani Ba'amurke, Melvin Cohn, suka rushe wannan zato. Suka sami waɗansu sinadarai masu kama da laktos waɗanda ke sa bakteriya ta ƙera enzayim ɗin, alhali enzayim ɗin ba ya iya narka su. Suka kuma nuna cewa sabo ful a ke ƙera shi. Ashe sukarin sigina ne kawai. Saura a san wa ke karɓar siginar.

A ɗaya ƙarshen barandar akwai wani saurayi, François Jacob, wanda ya zo wurin Lwoff a 1950. Shi ma tsohon soja ne. Ya yi aikin likita a rundunar Janar Leclerc, wadda ta taso daga Cadi ta keta Sahara zuwa Libiya, kuma mugun raunin da ya samu a Normandy a 1944 ya hana shi zama likitan fiɗa. Jacob da Élie Wollman sun ƙware a kan wata ɗabi'a ta bakteriya, inda guda, da a ke kira namiji, ke manne wa wata, ta mace, ya zura mata zarensa na DNA sannu sannu. Har da injin markaɗe su ke raba su a tsakiyar abin, don su ga wace ƙwayar gado ta riga shiga.

A 1957 wani masani daga Kalifoniya, Arthur Pardee, ya zo, su uku suka shirya gwajin da aka laƙaba wa suna PaJaMo, daga farkon sunayensu. Ga yadda ya ke. Namijin yana da ƙwayar gadon enzayim lafiyayya, da wata ƙwayar gado ta biyu da aka san tana da hannu cikin lamarin. A jikin macen kuwa duka biyun sun lalace. Aka haɗa su, ba a zuba laktos ko ɗigo ba. Cikin 'yan mintoci da shigar zaren, sai macen ta kama ƙera enzayim gadan-gadan. Bayan kamar awa 2 sai ta tsaya, ba ta kuma sake ba sai da aka ba ta sigina. Me wannan ke nufi? Ƙwayar gadon enzayim ba ta bukatar a tashe ta. In an bar ta, aiki za ta yi ta yi. Ƙwayar gado ta biyun ce ke ƙera wani abu mai danne ta, kuma awa 2 ɗin nan lokacin da abin ya ɗauka ne kafin ya taru. Bari mu kira shi madanni. Aikin laktos shi ne ya ɗauke madanni daga kan zare. Wani masani ɗan Hungari, Leo Szilard, ya taimaka wajen karkato da Monod ga wannan fassara, domin da fari bai so ta ba. An buga sakamakon a 1959.

A 1961 Jacob da Monod suka fitar da cikakken bayani. Akwai ƙwayoyin gado masu ƙera ma'aikata, akwai kuma masu ƙera masu tsaron waɗancan. Madanni yana zama ne a wani ɗan wuri a bakin jerin ƙwayoyin gado 3 na laktos, ya tare injin da ke kwafar umarni. Kwafin nan kuwa, wanda suka kira RNA ɗan saƙo, ba ya daɗewa, shi ya sa da an rufe aiki ke tsayawa nan da nan. Su kansu ba su taɓa ganin madannin ba, har ma sun fi zaton RNA ne. Sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka kamo shi a Jami'ar Harvard, ya tabbata furotin ne, kuma bai fi kamar guda 10 ba a cikin bakteriya ɗaya.

Akwai sauran tambaya guda, kuma ita ce ta fi kusa da maganarmu ta homon. Yaya ɗan ƙaramin sukari zai ture furotin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba? Monod da ɗalibinsa Jean-Pierre Changeux da Jacob suka ba da amsa a 1963. Furotin irin wannan yana da mazauni biyu. Da ɗaya ya ke riƙe zare. In ƙaramin sinadari ya zauna a ɗayan, sai siffar furotin ɗin duka ta sauya, hannun da ke riƙe da zare ya saki. Suka kira wannan alostari. Daɗin abin shi ne ba dole sai sigina ta yi kama da aikin da ta ke tayarwa ba, kamar yadda ƙararrawar makaranta ba ta da dangantaka da tuwo amma ita ke kai mu ɗakin cin abinci. Sun kuma yi hasashen cewa watakila haka homon ke aiki. Monod ya ɗauki wannan a matsayin babban sirrin rayuwa na biyu bayan DNA, kuma ra'ayinsa shi ne duk abin da ya tabbata ga E. coli ya tabbata ga giwa. A 1965 aka ba shi lambar Nobel tare da Jacob da Lwoff. Shekara 30 ke nan rabon Faransa da ita a fannin kimiyya.

Yanzu ga inda ya yi tuntuɓe. Monod mutum ne mai son ƙa'ida guda, tsaf, wadda za ta bayyana kome. Tun da ya ga danniya ta bayyana laktos, sai ya ƙudurta cewa duk ƙwayoyin gado ta danniya a ke sarrafa su. A 1965 wani Ba'amurke, Ellis Englesberg, wanda ke bincike a kan wani sukari mai suna arabinos, ya kawo hujjar cewa a can akwai furotin da aikinsa shi ne ya taimaka a buɗe, in babu shi kuwa ƙwayoyin gadon ba sa motsi ko da ba mai danne su. Monod ya ƙi. Ya ce abin da a ke gani kamar taimako, danne madanni ne kawai. Da ya ke shi gwanin muhawara ne, ga kwarjini, ga lambar Nobel, sai mutane da yawa suka bi bayansa, Englesberg ya yi shekaru yana ƙaro gwaje-gwaje kafin a saurare shi. A ganina wannan ya fi kowane kuskure nasa nauyi, domin ba shi kaɗai ya ɓata wa lokaci ba. Daga ƙarshe an gane furotin ɗin Englesberg yana yin duka biyu: in babu arabinos ya danne, in akwai ya taimaka.

Abin mamaki, hujja ta biyu daga ɗakin binciken Monod kansa ta soma ɓullowa. Akwai wata masaniya, Agnes Ullmann, wadda ta shiga boren Hungari na 1956 rayuwarta ta shiga haɗari. Monod ya tara kuɗi ya shirya yadda aka fito da ita da mijinta a 1960, a ɓoye cikin wata tirelar 'yan yawon buɗe ido, suka ƙetare iyaka zuwa Ostiriya. A 1968 ita da Monod suka nuna cewa wani ƙaramin sinadari mai suna cAMP yana tayar da ƙwayoyin gadon da gulukos ya kwantar. A 1970 waɗansu masana a Amurka suka gano furotin da ke karɓar cAMP, aka kira shi CAP. Shi ba ya danne kome. Zama ya ke a gefen ƙwayoyin gadon laktos ya jawo injin kwafi ya riƙe shi. Ko an ɗauke madanni, in babu mataimakin nan karatun ba ya yin ƙarfi. Watau tsarin da Monod ya shekara 30 yana dubawa yana da mataimaki a cikinsa tun fil azal. Shi kuwa cAMP ɗin, Earl Sutherland ne ya fara gano shi cikin hanta, a matsayin ɗan aiken da homon irin su adirenalin ke tayarwa cikin sel, har ya sami Nobel a kansa a 1971.

To, yaya batun giwa, ko mu ce batun mutum? Tun a ƙarshen shekarun 1950 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya yi wa homon ɗin mata, istirojin, alama da wani nau'in haidurojin da na'ura ke iya bin sawunsa, ya ba ɓeraye. Ya tarar mahaifa tana kama homon ɗin ta riƙe, tsoka kuwa ba ta riƙewa. Ashe akwai wani furotin makarɓi da ke cikin waɗansu sel, babu shi a waɗansu. A 1985 da 1986, ƙungiyoyin Ronald Evans a Amurka da Pierre Chambon a Faransa da waɗansu suka karanta ƙwayoyin gadon irin waɗannan makarɓa. Aka ga kowannensu yana da mazauni na riƙe zaren DNA da mazauni na karɓar homon, kuma in homon ya zauna siffarsa ta kan sauya. Alostari ke nan sak, yadda Monod ya faɗa. Mutum yana da makarɓa na wannan dangi guda 48, cikinsu har da na testostiron, mai buɗe muryar samari.

Amma makarɓi shi kaɗai ba ya iya kome, kuma a nan giwa ta bambanta da bakteriya. Zaren DNA na sel ɗaya na mutum ya kai tsawon mita 2, an nannaɗe shi tam a jikin waɗansu furotin masu suna histon, kamar zare a jikin mazari. Injin kwafi ba ya kaiwa ga abin da ke naɗe. A 1995 ƙungiyar Bert O'Malley a birnin Houston ta gano wani furotin, SRC-1, wanda shi kansa ba ya kama homon, ba ya kuma zaɓen wuri a kan zare. Jira ya ke homon ya sauya siffar makarɓi, wani ɗan gurbi ya buɗe a jikinsa, sa'an nan ya maƙale a wurin ya kira waɗansu. Cikin waɗanda ya ke kira akwai masu liƙa wa histon wata 'yar alama da ke sa naɗin ya sassauta, akwai masu ture histon gefe, akwai masu jawo injin kwafi. A shekarar nan dai aka gano kishiyoyinsu, N-CoR da SMRT, mataimakan danniya, masu ƙara ɗaure naɗin. Yau an san ɗaruruwan irin waɗannan mataimaka.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na homon ɗin tayirod, wanda ƙullin nan na gaban wuya ke yi da sinadarin aidin. Rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo, shi ya sa a ke zuba shi cikin gishiri, kuma homon ɗin nan ne ke mai da talibambam kwaɗo. Makarɓinsa yana zaune a kan zare ko babu homon, riƙe da mataimakan danniya, ƙwayar gado a rufe. Da homon ya iso, siffa ta sauya, ya saki waɗancan ya kama mataimakan buɗewa. Rabin farko na Monod ne, rabi na biyu na Englesberg, a jikin furotin guda.

Wannan ne amsar tambayarmu ta farko. Homon kira kawai ya ke yi. Abin da zai faru ya danganta ga abin da ya tarar a cikin sel: ko akwai makarɓi, nawa ne, waɗanne ƙwayoyin gado ne a kusa da buɗewa, waɗanne mataimaka ne kuma suka fi yawa. Iyayenmu mata ya kamata su san cewa maganar ta shafi asibiti kai tsaye. Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama tana da makarɓin istirojin, kuma da homon ɗin ta ke girma. Shi ya sa likita ke aika ɗan yankin ƙullin a gwada kafin ya zaɓi magani. Maganin tamoxifen yana zama a mazaunin homon ya karkatar da siffar makarɓi yadda gurbin mataimaki zai toshe, sai girman ya tsaya. Amma a mahaifa maganin nan guda ya kan yi aiki kamar istirojin ɗin kansa, kuma binciken da aka buga a 2002 ya danganta wannan da yawan SRC-1 a sel na mahaifa. Don haka ne a ke gaya wa mai shansa ta koma asibiti in ta ga jinin da ba ta saba gani ba. An kuma tarar, tun 1997, cewa wani ɗan'uwan SRC-1 ya kan yi yawa fiye da kima a waɗansu masu sankarar mama.

Monod bai ga mafi yawan waɗannan ba. Shekarunsa na ƙarshe sun tafi ne ga waɗansu hidimomi. Shi ya gabatar da Martin Luther King ga taron jama'a a Faris a 1966. A boren ɗalibai na watan Mayu, 1968, an gan shi yana fitar da wata ɗaliba da ta ji rauni. A 1970 ya buga littafi a kan dace da tilas cikin halitta, wanda ya sayu ƙwarai ya kuma jawo masa suka daga malaman addini da 'yan Kwaminis baki ɗaya. Ra'ayinsa ne na falsafa, dabam ya ke da gwaje-gwajensa, waɗanda kowa ke iya maimaitawa a cikin kwalba. A 1971 ya zama shugaban Cibiyar Pasteur a lokacin da ta ke fama da rashin kuɗi, aikin ofis ya raba shi da bincike. Odette ta rasu a 1972. Ba da daɗewa ba wata muguwar cutar jini ta kama shi, ya rasu a Cannes ran 31 ga watan Mayu, 1976, yana da shekara 66, aka binne shi a can. Lwoff ya rasu a 1994. Jacob ne kaɗai cikin su uku ya kai lokacin da aka gano mataimakan makarɓin homon, domin shi ya rayu har 2013.